Kundin Aikin Naɗar Tsofaffin Labarai da Murya a Legas, Janairu zuwa Agusta 2025

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An yi zaman farko a Agege, a wani aji na makarantar Islamiyya da aka ba mu aro bayan an tashi yara, kuma kusan dukkan lokacin ya tafi ne a kan tambaya ɗaya: waɗanne labarai doka ta yarda mu naɗa da murya mu raba kyauta? Yawancin waɗanda suka halarta sun zo da Magana Jari Ce a ransu, har wasu sun riga sun zaɓi labarin da za su buɗe da shi, amma tilas aka jingine wannan buri. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 kuwa tana kare rubutun adabi har tsawon shekara 70 bayan ƙarewar shekarar da marubucin ya rasu, don haka littafin ba zai zama na kowa da kowa ba sai an shiga 2052. Kafin wannan lokaci babu wata hanya sai izinin masu haƙƙi a rubuce. Wani ɗan'uwa mai karatun lauya ya tunatar da mu cewa Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, kuma sabuwar dokar ta ba da damar a mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su amfana da ita. Haka ne, sai dai wannan rangwame na makafi ne da masu raunin gani da sauran waɗanda nakasa ta hana su karanta rubutu kaɗai, alhali mu muna son abin da direba da mai gadi da matar aure za su tura wa juna ba tare da an taka doka ba.

Saboda haka aka koma ga abin da aka tattara aka buga tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Akwai Magana Hausa na J. F. Schön da ya fito a Landan a 1885, akwai Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, juzu'i 3 da aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, sannan akwai juzu'i 2 na R. S. Rattray da aka buga a Oxford a 1913. Dukkan mutanen uku sun haura shekara 70 da rasuwa, kuma littattafan sun riga 1930 fitowa, wadda ita ce iyakar da dokar Amurka ta kai a 2025, wato littafin da ya fito kafin 1930 ya zama na kowa da kowa a can. Wannan na biyu ya shafe mu ne domin a Internet Archive, rumbun ajiyar littattafai da sauti na intanet, muke nufin ajiye aikin, shi kuwa a Amurka yake.

Sunayen Turawa ne a bangon littattafan, amma maganar da ke ciki ta Hausawa ce. Dorugu, yaron nan da ya bi Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, zuwa Turai a 1855, shi ya ba Schön labarai masu yawa da bakinsa. Malam Shaihu shi ya rubuta wa Rattray nasa da ajami a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Na Edgar kuma da yawa daga cikinsu malamai ne suka rubuta su da ajami a yankin Sakkwato kafin a juya su zuwa boko. An yanke shawarar cewa a farkon kowane fayil za a ambaci mai labarin na asali, in an san shi, kafin a ambaci Baturen da ya buga.

Asabar, 25 ga Janairu, 2025

Tsarin aiki mun aro shi ne daga LibriVox, ƙungiyar 'yan sa-kai masu naɗar littattafai da murya da Hugh McGuire ya kafa a Montreal ta Kanada a 2005, ko da yake mu ba reshensu ba ne. Kowane labari zai bi ta hannun mai karatu, da mai sauraren tacewa, da mai haɗa kundi wanda ke riƙe da jadawali da sunayen fayiloli. Abin da muka ƙara shi ne masu tacewa biyu ga kowane labari. Na farko yana sauraro da takarda a gabansa yana bin kalma bayan kalma, na biyu kuwa ba a ba shi takardar sam, da kunnensa kawai zai yi aiki, ya faɗi inda hankalinsa ya rabu da labarin ko inda magana ta yi masa baƙon sauti. Ba a yarda mutum ya tace karatun kansa ba, kuma ƙane ba ya tace na yayansa, domin kara tana hana faɗin gaskiya.

Ma'aunin sauti ma nasu muka ɗauka: fayil na MP3 mai layin sauti ɗaya, 44.1 kHz, 128 kbps, ƙarfin murya kusa da 89 dB, kada ya gaza 86 kada ya haura 92. Minti ɗaya a wannan ma'auni yana cin kusan megabait 1. Da manhajar Audacity za a yi gyara, tunda kyauta ce kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta. Kowa zai turo gwajin minti ɗaya kafin a ba shi labari, an kuma ja kunne cewa a WhatsApp a turo shi a matsayin fayil, kada a danna alamar saƙon murya, domin wannan yana matse sautin ya zubar da abin da ba ya dawowa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, 2025

Gwaje-gwaje sun shigo, kuma sun nuna cewa a Legas neman shiru ya fi neman makirfon wuya. Waɗanda ke zaune a Agege da Dopemu suna fama da jiragen sama masu tashi da sauka a filin Murtala Muhammed da ke Ikeja, ga kuma ƙahon jirgin ƙasa, musamman tun da jirgin cikin gari da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara jigilar fasinja a watan Oktoban bara. Na Mile 12 suna da manyan motocin tumatir da albasa tun kafin asuba. Kowa kuma yana da janaretan maƙwabci da zarar an ɗauke wuta. Akwai wani gunji na ƙasa-ƙasa da ya bayyana a gwajin duk wanda ya naɗa yana cajin kwamfuta. Wannan amon wutar lantarki ne, wadda a Najeriya take bugawa a 50 Hz, kuma maganinsa mafi sauƙi shi ne a cire caja a yi aiki da batir. In ya riga ya shiga, ana iya yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, amma 'ya'yan amon da ke fitowa a 100 Hz da 150 Hz suna nan, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Gwajin da ya fi kowanne tsabta ya fito ne daga wata malamar firamare a Idi-Araba, wadda ba ta da komai sai wayar hannu. Ta buɗe ƙofofin wadirof ɗinta, ta jingina wayar a kan tarin atamfofi da leshi, ta zauna a kan kujerar tsuguno tana fuskantar kayan, ta rataya bargo a bayanta, ta kashe fanka. Tufafin sun shanye amsa-kuwwa gaba ɗaya. Ta ce minti 10 ne iyakar abin da take iya jurewa kafin gumi ya fara ɗiga a kan takarda. Gwajin da ya fi muni kuwa na wani saurayi ne da ya aro makirfon mai tsada irin na situdiyo, ya kafa shi a falo mai tayil da silin mai tsawo. Na'urar ta ɗauko komai, har da kukan akuya a bayan gida. An ba shi shawarar ya musanya shi da irin makirfon ɗin da ake wa'azi da shi, wanda ba ya jin abin da ke nesa, ya ajiye shi taƙi ɗaya daga bakinsa, ya ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar harafin f ta riƙa bugunsa.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Mun ɗauka aikin naɗa ne zai riƙe mu, sai ga shi shirya rubutun da za a karanta shi ya tsayar da komai. Littattafan nan an buga su kafin a daidaita rubutun boko. Ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ ba su zauna a rubutun Hausa ba sai a shekarun 1930, saboda haka mai karatu zai tarar da kalmar da za ta iya zama kafa ko ƙafa, bata ko ɓata, da ko ɗa, kuma inda muke rubuta c a yau zai ga ch. Wanda ke karatu a zuci yana iya tsallake irin wannan ya wuce, amma wanda zai furta dole ya zaɓi ɗaya. An amince kowane labari a sake buga shi a kwamfuta da ƙa'idar rubutu ta yau kafin a miƙa wa mai karatu, da sharaɗin harufa kawai za a taɓa, ba za a sauya kalma ko ginin jimla ba.

Ko bayan an yi haka, matsala mafi girma tana nan, domin boko ba ya nuna karin sauti kuma ba ya nuna tsawon wasali. A wani labari an rubuta cewa sarki ya ce ya tafi. In aka ja wasalin kalmar "ya" ta biyu da sauti sama, ma'anar ita ce mutumin ya riga ya tafi. In aka gajarta shi da sauti ƙasa, umurni ne sarki ya bayar. Mai karatun ya ɗauki ta farko, labarin kuwa ta biyu yake nufi, kuma ba a gane ba sai da mai tacewa na biyu ya ce bai fahimci dalilin da ya sa aka ga mutumin a fada bayan an ce ya tafi ba. Irin wannan tuntuɓe ba ya bayyana ga mai bin takarda, domin kowane harafi an furta shi daidai. Wannan ya tabbatar mini cewa sauraron da ake yi ba takarda shi ne ginshiƙin aikin, kuma bai kamata a ba sabon shiga shi ba.

A nan littafin Rattray ya yi mana rana, saboda an buga hoton rubutun ajamin Malam Shaihu daura da juyinsa na boko. Ajami yana nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, don haka inda boko ya yi shiru, sau da yawa ajamin yana magana. Wani dattijo Basakkwace mai sayar da littattafan addini a Zangon Agege ya karɓi wannan ɓangare. Yakan ɗora gilashinsa a kan hanci, ya bi layin da ɗan yatsa, ya ce: "Ɗana, dubi nan, ai ga alif. Garin tuwo malamin yake nufi, ba garin mutane ba." Na ce masa, "Baba, to inda babu ajamin fa, kamar a littafin Schön?" Ya ce sai a karanta labarin tun daga farko har ƙarshe sau biyu kafin a yanke hukunci a kan kalma ɗaya. Wannan ya zama ƙa'ida.

Laraba, 12 ga Maris, 2025 (12 ga Ramadan, 1446)

Naɗa da rana ya tsaya tun shigowar azumi. Bushewar baki tana sa harshe da leɓe su riƙa ɗan ƙas-ƙas da makirfon ke kamawa, goge su kuma ya fi sake karatun cin lokaci. Da yamma lasifikokin tafsiri suna tashi, da dare ga asham. Waɗanda suka ci gaba suna naɗawa ne a ɗan tsakanin gama sahur da kiran assalatu, ko kuma bayan ƙarfe 11 na dare. Sauran an mayar da su ga buga rubutu, wanda ya ci gaba sosai a wannan wata.

Lahadi, 13 ga Afrilu, 2025

Kashin farko, tatsuniyoyi 12 daga littafin Rattray, ya ratsa tacewa ta farko da ta biyu. An daidaita yadda ake rubuta gyara: minti da daƙiƙa, abin da aka ji, abin da ke takarda, ba tare da sharhi a kan muryar mutum ba. Mai karatu yana sake furta jimlar gaba ɗaya, ba kalmar kaɗai ba, a wuri ɗaya da nisa ɗaya daga makirfon, in ba haka ba facin yana fitowa fili.

Kuskuren da ya fi yawa ba na ganganci ba ne. Tsofaffin rubuce-rubucen suna cike da "shina" da "shi tafi", masu karatu Kanawa da Zazzagawa kuwa bakinsu yana mayar da su "yana" da "ya tafi" ba tare da sun sani ba. An yi doguwar muhawara a kan ko a bar su, tunda ma'ana ba ta sauya ba, kuma yaran da aka haifa a Legas za su fi gane Hausar yau. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi. Duk wanda ke son tatsuniya da Hausar yau zai same ta a rediyo ko a bakin kakarsa, amma yadda Bahaushen Damagaram ko fataken Gwanja suke magana shekara 100 da wani abu da suka wuce ba a samunsa sai a waɗannan shafuka, kuma in muka goge shi da bakinmu mun ɓatar da abin da ya sa littafin ya cancanci wahalar. An tsaya a kan a karanta yadda aka rubuta, sannan a ƙarshen fayil a yi bayanin tsofaffin kalmomi a taƙaice, da wata murya dabam domin kada mai sauraro ya ɗauka cikin labarin ne.

An kuma gano wata illa ta na'ura. Wani mai gyara ya yi amfani da abin goge ƙas-ƙas na baki a kan fayil gaba ɗaya, sai na'urar ta ɗauki fashewar ƙ da ts a matsayin datti ta daddashe su, har ƙ ta koma kusa da k. Haka nan wanda ya tsananta rage hayaniya, muryarsa takan fito kamar daga cikin gwangwani. Yanzu an hana taɓa fayil gaba ɗaya da waɗannan kayan. A naɗi daƙiƙa 5 na shirun ɗakin a farko domin na'urar ta san abin da za ta cire, a rage kaɗan, sauran a bi da hannu.

Sai batun Gizo da waƙoƙi. Kowa ya san Gizo da tsamin baki yake magana, amma takarda ba ko'ina take nuna haka ba. An bar wa mai karatu ya yi tsamin bakin daidai gwargwado, muddin kalmar ba ta ɓace ba. Waƙoƙin cikin tatsuniya sun fi wuya, domin an rubuta baitin ba a rubuta karin ba, karanta su kamar zance kuwa yana kashe labarin. Wata gwaggo Bakatsiniya da ke zaune da 'yarta a Obalende ta saurari baitoci da dama, ta gane wasu ta rera su nan take, wasu ta ce ba ta taɓa jin su ba. Da aka ce za a naɗa da hantsi, sai ta ce: "Ku 'yan nan, tatsuniya da rana? To sai ku fara ɗaure Gizo." Aka yi dariya, aka mayar da zamanta bayan isha'i. Inda aka sami kari daga bakinta za a rera, a kuma faɗa a bayanin fayil cewa karin nata ne, ba na littafin ba. Inda ba a samu ba za a karanta baitin a hankali, ba za a ƙirƙiro masa kari ba.

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

An shiga littafin Edgar, wanda ya fi sauran girma nesa ba kusa ba, kuma ba tatsuniyoyi kaɗai ke cikinsa ba, har da labaran sarakuna da yaƙe-yaƙe da karin magana da wasiƙu. Nan aka ci karo da labaran da ke da batsa a fili, da waɗanda ke ambaton bayi kamar kayan kasuwa, da waɗanda ke yi wa wasu ƙabilu ba'a. A Legas muke, cikin Yarbawa da Ibo da sauran jama'a, da yawansu suna jin Hausa, kuma fayil in ya fita ba a san kunnen da zai faɗa ba. Wasu sun nemi a tsabtace irin waɗannan labarai a karanta. An ƙi, bisa dalilin da ya sa aka ƙi sauya "shina" zuwa "yana". Abin da aka yarda da shi shi ne zaɓi: labarin da ba a ga amfanin fitar da shi ba a bar shi a littafi, wanda ke da darajar tarihi a karanta shi cikakke a sa shi a kundi na dabam mai gargaɗi a farko, kada ya gauraya da na yara. Babu mai karatun da za a tilasta wa furta abin da yake jin nauyinsa.

An kuma kammala maganar izinin murya. Kowane mai karatu zai sa hannu a takardar da ke cewa ya saki naɗinsa ga jama'a, kuma yana da damar amfani da laƙabi maimakon sunansa, abin da yawancin mata suka zaɓa. An so a sa sharaɗin hana kasuwanci da fayilolin, sai wani mai gyaran waya a Alaba Rago ya nuna cewa hanyar da irin wannan abu ke isa ga talaka ita ce masu tura waƙoƙi da finafinai a memori, su kuwa kuɗi suke karɓa a kan turawar. In an hana kasuwanci, su aka fara haramta wa. Hujjarsa ta yi ƙarfi, aka zaɓi sakin CC0 na Creative Commons, wanda ba ya ɗaure kowa da komai. An bayyana wa kowa a fili cewa wannan yana nufin wani zai iya ɗaukar muryarsa ya sa a abin da bai sani ba, kuma saki irin wannan ba a janye shi. Mutum biyu sun fasa karatu saboda haka, sun koma ɓangaren tacewa.

Talata, 24 ga Yuni, 2025

Tun bayan Babbar Salla ruwa bai ba mu sarari ba, kuma duk wanda rufin ɗakinsa kwano ne ya ajiye makirfon. Ko bayan an ɗauke ruwa, ɗigar indararo da kwaɗin kwata suna shiga naɗi. An yi amfani da lokacin wajen buɗe kundi na biyu, na gajerun labaran ƙasashen waje da muke fassarawa da kanmu. An fara da uku: na Tolstoy na 1886 a kan manomin da haɗamar fili ta kashe, na Maupassant na 1884 a kan matar da ta ari sarƙar wuya ta ɓatar, da ɗaya na Chekhov. Marubutan sun rasu a 1910 da 1893 da 1904, amma da yake ba mu da mai jin Rashanci, daga Ingilishi ake juyo na Rasha, kuma fassara tana da nata haƙƙin. Shi ya sa aka tsaya a kan tsofaffin fassarori: ta Constance Garnett, wadda ta rasu a 1946, da ta Louise da Aylmer Maude, waɗanda suka rasu a 1939 da 1938. Na Maupassant wani ɗan Maraɗi mai sana'ar canji ne ya juyo shi kai tsaye daga Faransanci.

Tacewa a nan ta bambanta, domin rubutun namu ne, ana iya gyara shi. Ƙa'idar da aka kafa ita ce duk jimlar da mai karatu ya kasa kaiwa ƙarshenta da numfashi ɗaya, ko mai tacewa na biyu ya ji ƙamshin Turanci a cikinta, a mayar wa mai fassara. An yi jerin yadda za a furta sunayen mutane da wurare, aka naɗe shi a ɗan fayil ana tura wa kowa, don kada mutum ɗaya ya zama mutum uku a bakin masu karatu uku. Kuɗi da ma'auni an bar su yadda suke, rubul ya zauna rubul, ba a mayar da shi naira ba.

Asabar, 19 ga Yuli, 2025

An kai fayilolin gwaji ga waɗanda aka yi aikin dominsu: direbobin tirela da tanka masu jiran layi a Apapa, masu gadi a Ikeja, da wasu makafi a Ebute Metta. Abin da suka faɗa ya sauya abubuwa da dama. Direbobi sun ce ƙarfin muryar ya yi ƙasa a cikin mota da inji a kunne, musamman inda mai karatu ya sassauta murya don jan hankali; an amince a ɗan matse tazarar da ke tsakanin ƙarfi da taushi a kwafin rabawa, a bar na asali yadda yake a rumbu. Makafi sun ce doguwar gabatarwa a farkon kowane fayil tana gajiyar da su, kuma suna so a faɗi lambar labari da sunansa a daƙiƙun farko domin su san inda suke ba sai sun nemi mai duba musu waya ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya haddace Alƙur'ani, ya kama wurare biyu da aka gajarta wasalin da ya kamata a ja, bayan fayil ɗin ya wuce masu tacewa biyu. An roƙe shi ya shiga aikin, ya amsa, kuma yanzu ta bakinsa ake karɓar gyara a rubuta.

Kusan kowa ya yi kukan data, don haka kwafin rabawa zai fita a 64 kbps, wanda ke rage nauyin fayil da rabi ba tare da muryar magana ta lalace ba. Sunan fayil zai fara da lamba mai sifili a gaba, 01 da 02, domin ƙananan wayoyi da rediyon memori suna jera 10 kafin 2. An kuma cire harufa masu ƙugiya daga sunayen fayiloli kaɗai, saboda tsofaffin wayoyi suna nuna akwati a madadinsu.

Asabar, 9 ga Agusta, 2025

Ruwa ya ɗan tsagaita kamar yadda ya saba a Agusta, naɗa ya dawo. Tatsuniyoyi 12 na farko an sake gyara su bisa shawarwarin watan jiya, an ɗora su a rumbu, kuma an ba masu tura waƙoƙi a Agege da Alaba Rago kwafi. Daga littafin Edgar an naɗi 20, amma 7 kaɗai suka wuce tacewa ta biyu. Labarin Dorugu yana hannun wani dattijo ɗan Damagaram da muryarsa ta dace da shi, sai dai yana tafiya a hankali saboda ganinsa ya yi rauni, jikansa ke karanta masa jimla yana maimaitawa, daga baya a yanke muryar yaron. Daga cikin fassarori, na Tolstoy ya kammala, na Maupassant yana wajen mai karatu, na Chekhov an mayar wa mai fassara a karo na biyu.

Cikas ɗin yanzu yana wajen tacewa. Masu son karatu sun yi yawa, masu haƙurin sauraro kaɗan ne, kuma labarin minti 15 yana cin kusan awa ɗaya a hannun mai tacewa na farko in ya bi shi yadda ya kamata. An dakatar da ba da sababbin labarai har sai an rage waɗanda ke jira, kuma daga yanzu duk wanda ya naɗi labari ɗaya sai ya tace biyu na wasu kafin a ba shi wani. Zama na gaba zai kasance a Idi-Araba ranar Asabar 23 ga Agusta bayan la'asar, domin koya wa sababbin masu tacewa yadda ake rubuta gyara, kuma an roƙi dattijon Zango ya zo da juzu'i na biyu na Rattray a fara duba ajaminsa.